Sinadarin cire maiko ba ya tantance abin da zai ci

Shekarata ta biyu ke nan a wajen wankin mota lokacin da maigidana ya shigo da wata jarka mai lita 5, ya ajiye a ɗakin kaya. Kafin nan Omo ne da soso da bokiti, sai kananzir idan kwalta ta manne a gefen mota. Ya ce wannan ruwan yana cire maiko a inji da taya da kujera, komai da komai, amma a riƙa sirka shi. Kunnena ya ɗauki "komai da komai", ya bar "a sirka" a ƙasa. Ku ƙannena da kuka shigo sana'ar yanzu, kuma jarkokin nan sun cika kasuwa, ga abin da wannan rabin jin ya jawo mini.

Wata ranar Alhamis da azahar wani Alhaji ya kawo Camry, ya ce zai je masallaci ya dawo. Ƙafafun motar na alminiyon ne mai sheƙi, ƙurar birki ta yi musu baƙi ƙirin. Ina so in burge, sai na ɗura sinadarin tsagwaronsa a robar feshi, na bi ƙafa huɗun na feshe, na ce bari ya jiƙa, na koma wanke rufin mota. Motar ta sha tafiya, ƙarfen da zafi, ga ranar Afrilu. Kafin in zagayo ya bushe. Na sa tiyo, baƙin ya tafi sarai, amma a ƙarƙashinsa sai ga fari-fari kamar an yayyafa alli, har da layin inda ruwan ya gangara. Na goga da tsumma, na goga da soso, na ƙara sabulu. Ko gezau. Tabon ba a saman ƙarfen yake ba, ƙarfen ne kansa ya ƙone.

Da Alhaji ya dawo sai ya durƙusa, ya shafa da yatsa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaro, wanki na kawo ko rini?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Maigidana ne ya biya kuɗin goge ƙafafun, ni kuma na yi makonni ina aiki ana zarewa a cikin sallamata.

Sai daga baya na fahimci abin da nake riƙewa a hannu. Yawancin waɗannan sinadarai dangin kanwa da ruwan toka ne. A ma'aunin da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, ruwa yana kan 7, sabulun wankin mota na ainihi yana nan kusa da shi, su kuwa masu cire maiko suna can sama, daga 10 har 13. Duk wanda ya taɓa ganin ana haɗa sabulun salo a gida ya san aikin: ruwan toka ya haɗu da mai, sai man ya zama sabulu. Maikon inji shi ba ya zama sabulu, amma sinadarin yana narkar da shi yadda ruwa zai iya kwashewa. Masu ƙarfin cikinsu har da soda a ciki, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, ita kuwa soda cin alminiyon take yi. Santsin nan da kake ji a yatsu idan ya taɓa ka, man fatarka ne ya fara narkewa. Na yi hunturu guda da tafin hannu a tsattsage kafin in yarda in sayi safar hannu ta roba, don a lokacin gani nake ragwanta ce.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne, mota tana da maiko iri biyu. Akwai na datti, akwai na kariya: kakin da aka shafa wa fenti, man da ke sa robar ƙofa laushi, giris ɗin da ke cikin hinjin ƙofa, da rufin da aka yi wa kujerar fata. Sinadarin bai san bambancinsu ba, duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ya sa motar da ake yi wa wanka da shi kowane mako takan yi tas, amma fentin ya dushe, baƙar robar bamba ta koma toka-toka. Mai mota zai ce rana ce. Rana tana da nata laifin, amma mu ma muna da kaso.

Yanzu da gwangwanin madara nake awo. Cikin mota, wato dasbod da jikin ƙofa da kujerar yadi, gwangwani 1 na sinadari, 10 na ruwa. Taya da ƙarƙashin mota da inji, 1 da 4. Idan kwalin jarkar ya faɗi wani abu daban, nasa nake bi, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, balle waɗanda ake ɗurawa a robar da ba rubutu. Irin wannan nakan fara da mai rauni, in gwada a lungun da ido ba ya kaiwa, kamar ƙasan kujera, in jira ya bushe in gani. Ruwa nake fara zubawa a robar feshi sannan sinadari, in ba haka ba kumfa ce za ta cika robar. Kuma kowace roba na rubuta mata awonta da maka, tun ranar da wani yaronmu ya ɗauki ta inji ya goge sitiyari da ita.

Kujera ma ta koya mini nata karatun. Wata Sharon ta haya ce, kujerun yadi, sun sha zufa da man gyaɗa da kunun yara. Na feshe su sharkaf, na dirje da buroshi, suka yi kyau, direba har da ƙara mini ɗari biyu. Bayan kwana goma ya dawo yana faɗa, kujerun sun fi da datti. Ban ɗauraye ba. Sinadarin da ya bushe a cikin yadi danƙo yake yi, ƙurar hunturu kuwa abin da take nema ke nan. Tun daga nan in na goge kujera, sai na bi da tsumma mai ruwa zalla sau biyu ko uku, ina matsewa, har kumfa ta daina fitowa. Rufin cikin mota kuwa ba na fesa masa komai kai tsaye. Yadin da gam aka manna shi a kan siririn soso, in ya jiƙe sai ya saki ya rufto kamar gidan sauro. A tsumma ake fesawa, a ɗan dangwala a hankali. Haka ma gilashin mita da allon rediyo, kada ya kusance su, dishi-dishi yake bar musu.

Inji shi ne inda sinadarin nan ya fi amfani, nan ne kuma gaggawa ta fi tsada. Direba zai shigo da inji yana huci, ya ce yana sauri. Ka ce masa ya sha shayi tukuna. Sai injin ya huce yadda za ka iya ɗora hannu, ka ɗaure leda a kan altaneto da akwatin fiyus da bakin shan iska, ka fesa, ka ba shi minti biyu ko uku, ka bi da buroshi, ka ɗauraye da ruwa marar ƙarfi. Ni na taɓa sa injin feshi mai ƙarfi a kan filogi, muka wuni muna tura mota a bakin titi, mai ita na tsaye yana kallon agogo.

Abu ɗaya da ban yi ba, amma na ga ana yi: haɗa sinadarai a bokiti ɗaya wai don a ƙara ƙarfi, a zuba Hypo a kan na wankin ƙafa ko na cire tsatsa. Hypo bilic ne, waɗancan kuma sau da yawa akwai asid a cikinsu; bilic in ya haɗu da asid iskar guba yake fitarwa, a cikin rufaffiyar mota kuwa ba ta da wurin zuwa sai huhunka.

Jikin mota kam na daina kai masa wannan jarka, sai dai gefen ƙasa inda baƙin mai ya fantsama, ko in mai mota ya ce a cire tsohon kaki za a shafa sabo. Shi ma sai a inuwa, bayan na zuba ruwa ƙura ta sauka, ina bi ƙofa ɗaya bayan ɗaya, tiyo na hannun hagu. Ƙafa kuma ɗaya nake yi in gama in ɗauraye, sannan in matsa ta gaba. Wancan Alhajin har yau yana kawo motarsa, ya ma sake wata, kuma duk zuwan da zai yi sai ya tsaya a kaina har in gama ƙafa ta huɗu sannan ya wuce masallaci.