Godiya ga Allah da ku duka da kuka riƙe ni

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Tun ranar Lahadi nake son rubuta wannan saƙo, jiki ya ƙi. Da na dawo daga sujada, barci ya kwashe ni irin wanda na manta rabona da shi, sai yau na ɗan ji ƙarfi. Kun san abin da ya faru, ba sai na sake tono shi ba. Kun ji maganganun da aka yi ta yi, wasu gaskiya ne, wasu ƙari. Abin da nake so ku sani shi ne, amanar kuɗin mutane da ta salwanta a hannuna na gama biya, dattawan ikkilisiya sun ɗage horon da ke kaina, na kuma sake zama tare da ku a Jibin Ubangiji, inda muke cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Da ƙoƙon ya iso gare ni hannuna rawa yake yi, sai da wanda ke gefena ya tallafa mini.

Baba, babban dattijonmu, na san ka hana ni faɗa. Ka ce sadakar hannun dama, bai kamata hannun hagu ya sani ba. Ka gafarce ni, yau ba zan iya yin shiru ba.

Akwai wani dare da abin ya kai maƙura. Na kashe waya, na daina fita, na soma irin tunanin da bai kamata mai bi ya yi ba. Sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Da na leƙa na ga Baba ne, gabana ya faɗi, domin yana cikin waɗanda kuɗinsu ya tafi a hannuna, kuma nasa ba kaɗan ba ne. Na ce a raina yau ranar ta zo. Na buɗe, na kasa ɗaga kai in dube shi. Ya shigo ya zauna, ya jingine sandarsa, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Ɗana, ka ci abinci yau?" Na ce a'a. Ya ce wa maman yara ta kawo abin da ke akwai, ya zauna yana kallona har na ci. Ko sau ɗaya bai ambaci kuɗi ba.

Bayan haka ya buɗe Littafi Mai Tsarki a Yohanna 21 ya sa na karanta da bakina. Nassi ne da na sani tun ina yaro, amma ban taɓa lura cewa wutar gawayi aka ambata a bakin Tekun Tibariya ba, irin wadda Bitrus yake jin ɗumi a gefenta a farfajiyar babban firist daren da ya yi musun Ubangijinsa sau uku. A gefen wutar nan Yesu ya ciyar da shi tukuna, sa'an nan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma mayar masa da aikin kiwon tumaki. Baba ya ce mini Yahuza da ya ci amanar Yesu ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka biya shi, amma ya tafi da baƙin cikinsa shi kaɗai. Bitrus kuwa ya yi kuka mai zafi, ya zauna cikin 'yan'uwa har Ubangiji ya same shi. Ya ce, "Kada ka kuskura ka tafi kai kaɗai." Ya kuma gaya mini gafara ba ta hana biya, Zakka mai karɓar haraji ma da ya sadu da Yesu sai da ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. A daren muka zauna muka rubuta sunan kowa da abin da yake bina. Nasa ya ce a sa a ƙarshe.

Baba Fasto, na gode da ba ka sassauta gaskiya don ka faranta mini ba, ba ka kuma rufe mini ƙofarka ba. Zabura 51 da ka ba ni, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Mama shugabar zumuntar mata, ke da iyayenmu mata da kuka yi ta azumi kuna zagaya iyalina, Allah ya share hawayenku yadda kuka share namu. Matasan ƙungiyar mawaƙa da ba ku daina gaishe ni da suna ba lokacin da wasu ke kau da kai, na gani, ban manta ba. Masu bina da kuka yi haƙuri kuka karɓi kaɗan kaɗan, Ubangiji ya ninka muku.

Maman yara, ke kam ban san me zan ce ba. Kin sha kunyar da ba ke kika jawo ba, kika ci gaba da zuwa sujada da yara, kina zama a gaba kamar kullum.

Dangina na jini da na yi ta zuba ido ban gani ba, ko kira ɗaya, ba na riƙe kowa a zuciya. Wataƙila kuna da dalilinku. Amma ba zan ɓoye ba, ya yi mini ciwo. Ƙofata a buɗe take.

Ya Uba mai jinƙai, ka tuna da duk wanda ya tuna da ni. Ka buɗe musu ƙofofin alheri, ka kāre 'ya'yansu da jikokinsu, ka warkar da marasa lafiyarsu, kada ka bar ɗayansu ya kwana shi kaɗai a ranar wahalarsa. Wanda yake kwance yau inda na kwanta, ka aika masa da mai ƙwanƙwasa ƙofa. Cikin sunan Yesu, amin.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a, domin har yanzu ina neman aikin yi, ƙarfina kuma bai gama dawowa ba. Waɗanda ban amsa saƙonninsu ba ku yi mini haƙuri, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya.