Darussan ruwa da tsamin ƙasa a noman tumatir cikin buhu

Da zarar ganyen tumatir ya fara komawa ruwan ɗorawa, abin da ke zuwa ran mai lambu shi ne taki ya gaza. Sai a sayo yuriya a zuba, bayan mako guda lamarin ya ƙara ɓaci. Babban darasin da noman buhu ke koyarwa shi ne, sau tari abincin yana nan cikin ƙasa, saiwa ce ta kasa ɗaukarsa, kuma abu biyu ne ke hana ta: yadda ake ba da ruwa, da tsamin ƙasar.

Ana auna tsami da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, kuma 7 ne tsakiya. Tumatir da attaruhu sun fi jin daɗi tsakanin 6.0 da 6.8. Tazarar lamba ɗaya ba ƙarama ba ce, domin ƙasa mai pH 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma. In ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin fosfaras yakan ɗaure, alminiyam ya narke ya ƙone bakin saiwa, shuka ta tsumbure. In kuma ya haura 7.5, sinadarin ƙarfe ne ke ɗaurewa. Alamarsa a fili take: sabbin ganyen saman shuka su yi fari-fari, jijiyoyinsu kuwa suna nan kore shar. Ƙarancin taki daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya huta da asarar kuɗi.

Awon ba wuya. A ɗebi ƙasa daga zurfin yatsa, a cakuɗa kofi ɗaya da kofi biyu na tataccen ruwa, irin wanda ake zuba wa batir bai da asid, a bar shi minti talatin ya kwanta, sannan a tsoma takardar awo ko na'ura. Na'urar tana bukatar saiti da ruwan gwaji mai lamba 4 da 7, in ba haka ba ƙarya za ta riƙa yi.

A auna ruwan ban-ruwan shi ma. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Dubi cikin butar da ake dafa shayi da ruwan burtsatsen gidan: in farin abu ya daskare a gindinta, ruwan yana ɗauke da farar ƙasa, kuma kullum yana ɗaga pH ɗin buhun kaɗan-kaɗan. Maganin gaggawa shi ne ɗiga ruwan lemon tsami a bokiti, a motsa, a auna, har ya sauko wajen 6.5. Kada a yi da ka. Ruwan rijiya mai zartsi ko ɗanɗanon kanwa kuwa matsalarsa gishiri ce, lemo ba ya gyara ta, gara a tara ruwan sama ko a surka da shi. Ruwan famfo mai warin kulorin a bar shi a buɗe ya kwana.

Buhun siminti da ba a wanke ba yakan ɗaga pH sosai, don haka a wanke shi tas, ko a nemi na shinkafa. A huda gindinsa wuri takwas zuwa goma. Haɗin ƙasa: kaso biyu ƙasar gona, kaso ɗaya ruɓaɓɓen takin dabbobi, kaso ɗaya buntun shinkafa ko yashi. Ruɓaɓɓen takin nan shi ne ke riƙe tsami kada ya riƙa hawa da sauka, musamman a ƙasarmu ta jigawa mai rairayi.

In ƙasa ta yi tsami, wanda yawan yuriya shekara da shekaru ke jawowa, toka ce mafi sauƙin samu. Cikin tafin hannu ɗaya ya isa buhu mai cin lita 20. A gauraya, a jira mako biyu, a sake awo. Kada a haɗa toka da yuriya rana ɗaya, takin zai bi iska. In pH ya yi sama, garin farar wuta yana sauko da shi, amma aikinsa na makonni ne har watanni, sai da haƙuri.

Sai batun ruwa kansa. Baƙin tabon da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir ba cuta ba ce, kuma feshi ba ya maganinsa. Kalsiyam ne bai isa ɗan ba, domin a cikin ruwa yake tafiya. Yau buhu ya bushe ƙamas, gobe a cika shi taf, sai isarwar ta yanke. Wannan hawa da saukar ce kuma ke fasa fatar tumatir. A tura yatsa har gaɓa ta biyu: in da danshi a dakata, in babu a zuba a hankali a gindi, ba a kan ganye ba, har ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa. A zafin Maris da Afrilu babbar shuka takan sha lita biyu ko fiye a rana, gara a raba safe da yamma, a rufe saman buhun da busasshiyar ciyawa. In farin gishiri ya bayyana a saman ƙasa, a kwarara mata ruwa mai kyau da yawa ya fice ta hujojin, sannan a jinkirta taki na mako guda.