Ranar da na ambaci gonar gado

Talata da dare, jihar Maryland, Amurka.

Yau da hantsi na zauna gaban wata mai binciken gwamnati na kusan awa biyu, a kan izinin ganin bayanan sirri da sabon aikina yake buƙata. Wata uku ke nan da na cike takardar neman izinin, wato SF-86, wadda take tambayar wuraren da mutum ya zauna cikin shekara 10, da 'yan ƙasashen waje da yake da kusanci da su cikin shekara 7, da dukiyar da yake da ita a wata ƙasa. Na rubuta mahaifiyata da 'yan'uwana duka, amma na tsallake kasona a gonar da marigayi mahaifinmu ya bari a wajen Zariya. Hujjar da na kafa wa kaina ita ce ba a raba gadon ba tukuna, kuma Yaya ne yake nomanta. A gaskiya tsoro ne ya hana ni, kada a ce zuciyata tana Najeriya.

Jiya bayan sallar isha'i uwargida ta ce, "Maigida, idan su suka riga ka ambaton gonar nan, da wane baki za ka yi magana?" Barci ya ƙaurace mini. Na tashi na sake karanta ƙa'idoji 13 da ake yanke hukunci da su, waɗanda suka fara aiki a 2017. Dangi da dukiya a ƙasar waje abin dubawa ne, ana auna shi ana iya yin sassauci. Ɓoyewa da gangan kuwa tana faɗawa ƙarƙashin halin mutum, kuma ƙarya a takardar nan laifi ne da kan iya jawo ɗaurin shekara 5. Sai dai ƙa'idar ta bar ƙofa ga wanda ya gyara da kansa cikin hanzari, tun kafin a tunkare shi da hujja.

Mu an raine mu a kan rufin asiri, ba a kai maganar gado gaban baƙo, kuma har gobe ina ganin darajar wannan tarbiyya. Amma na fahimci damuwar gwamnati, domin duk abin da mutum yake ɓoyewa igiya ce da wani zai iya jan sa da ita, ya tilasta masa sakin sirrin da aka ba shi amana.

Saboda haka, da aka rantsar da ni, ban jira mai binciken ta tambaya ba. Na ce akwai abin da na bari, na faɗi gonar, na kuma faɗi dalilina na gaskiya, duk da cewa ya yi mini nauyi a baki. Ta rubuta, ta tambayi girmanta da kimarta da wanda yake cin amfaninta. Ba ta nuna mini komai a fuska ba, domin ba ita take yanke hukunci ba.

Kotun Ƙolin Amurka ta ce tun 1988 wannan izini ba haƙƙin kowa ba ne, don haka ana iya hana ni. Gobe da asuba zan kira Yaya ya aiko mini da hoton takardar gonar, in miƙa mata kafin Juma'a.