Abin da aikin auna talauci ya koya mini a ƙauyukan Jigawa

Tambayar "nawa kake samu a wata?" tambayar ɗan albashi ce. Manomin Auyo ko Ringim da kaka yake lissafi, da rani, da tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuma bai nuna ba. Gidan da ka tarar da tuwo har da saura a watan Nuwamba, in ka koma a Agusta sai ka rantse ba shi ba ne.

Shi ya sa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fi duba abin da gida ke ci da kashewa. A bincikenta na 2018 zuwa 2019, duk wanda abin da yake ci da kashewa bai kai naira 137,430 a shekara ba yana cikin talauci: kashi 40 cikin ɗari a faɗin ƙasa, a Jigawa kuwa kusan 87. A 2022 ta fitar da wani awon da ya haɗa da ruwan sha, makewayi, girki da itace, karatun yara da nisan asibiti, aka samu mutum miliyan 133 cikin talauci a faɗin ƙasa. Na biyun ya fi kama da abin da idona ke gani.

Sai dai duk kyan takarda, bakin mai amsa ake bi. Mutanenmu suna da kunya. Dattijo zai ce maka alhamdulillahi alhali ba a ɗora tukunya a gidansa ba tun jiya. Wani kuma, da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin tallafi, sai awakinsa su koma na ƙaninsa. Ban ga laifin kowa ba. Na dai koyi sauya tambaya. Na ce da wani magidanci, "Baba, hatsin bara ya kai ku yaushe?" Ya yi shiru, ya ce, "Ɗana, tun kafin shuka muke awo a kasuwa." Daga nan sauran zancen ya biyo: tunkiyar da aka sayar, gonar da aka jinginar, babban ɗan da ya tafi ci-rani Kano.

Inda awonmu ya fi rauni shi ne wariya, wato yadda talauci ke ware mutum daga cikin jama'a. A Tarayyar Turai, ban da duba wanda samunsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na matsakaicin samu ba, har tambaya suke ko mutum na iya zama cin abinci da dangi ko abokai sau ɗaya a wata. Da farko abin ya ba ni dariya. Amma mu ma muna da namu: matar da ta daina zuwa suna don ba ta da abin gudummawa, wadda aka cire daga adashe saboda zubi ya gagare ta, mutumin da mai shago ya daina ba shi bashi. Irin waɗannan ko taron ƙofar mai unguwa ba sa zuwa, a can kuwa ake tantance sunayen mabukata.

Sannan akwai wanda yau yake sama da layin talauci da ƙyar. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da yawa a bakin Kogin Haɗeja, gidajen da takarda ta ce suna da rufin asiri suka wayi gari suna neman kwanon masara. Yanzu in na gama tambayoyin takarda, nakan ƙara guda biyu a littafina: ina gonarku take, kuma in ciwo ya tashi cikin dare, ƙofar wa za ku ƙwanƙwasa?