Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Iya ta kai ni kotu

Makon jiya na tsaya a inda na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa baƙar fata a St. Louis, wani birni a jihar Missouri ta Amurka. Iya nake ce mata. Ita kuwa harshenta ya ƙi juya sunana, sai ta haƙura take ce mini "'yata".

Wata Asabar ta ce in ɗaura ɗankwali mu fita. Muka sauka a tsohuwar kotun garin mai ƙatuwar ƙubba, dab da Gateway Arch, dogon ginin tarihin nan mai siffar baka. Ni hankalina yana kan hoton da zan tura gida, ita kuma ta dafa bango ta ce, "A garin nan kakannina bayi suka yi shari'ar neman 'yanci da iyayengijinsu. Kusan ƙara 300."

Sai ta ɗauko labarin Polly Berry. 'Yarta Lucy ta rubuta cewa da 'yancinta aka haifi Polly a Illinois, tana ƙarama aka sace ta, aka sayar da ita a Missouri. A 1839 ta shigar da ƙara, ba ta ci shari'ar ba sai 1843. Dokar jihar ta 1824 ta yarda bawa ya kai ƙara a matsayin matalauci, a ba shi lauya, amma shi zai nemo shaidu, domin launin fatarsa ya riga ya ba da shaida a kansa.

Na Lucy ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Tunda a dokarsu ɗa uwarsa yake bi, Polly ta shigar mata da ƙara a 1842. Aka jefa yarinyar kurkuku wata 17. Ba ta yi sata ba, ba ta daki kowa ba, ajiye ta kawai aka yi kamar akuyar da ake jayayya a kanta. Edward Bates, wanda daga baya ya zama antoni janar na Shugaba Lincoln, shi ya tsaya mata har aka sallame ta a 1844. Shi kansa ya taɓa mallakar bayi, ku ji fa!

Na ce, "Iya, ashe dai kotun tana da adalci." Ta harare ni ta saman tabarau. "Tambayi Dred Scott. A nan ya fara shari'ar neman 'yancinsa a 1846. A 1857 Kotun Ƙoli ta ce irinmu ba 'yan ƙasa ba ne."

A hanyar komawa ne mai shagon da nake wa aiki ya kira ni kan maganar albashina da ya riƙe. Wannan rigimar sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.