Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Ɗan Kuturu Da Yatsunsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na tsaya a inda aka ba ni minti talatin ɗina na farko a gidan rediyo, ranar Asabar bayan la'asar, kuma na ga masu cewa in shiga labarin aurena da Maman yara, ku yi haƙuri wannan sai gaba, yau Gwaggo ce ta tsaya min a rai tun daren Laraba.

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na Ƙofar Doka a Zariya ya san halinta, Allah ya jiƙanta, ba ta yabon abu da wuri. Ko amarya aka kawo gidan ana ta cewa ai yarinyar kirki ce, ita tana gefe tana tsinkar zogale sai ka ji ta ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ranar da na shigo da Nokia 3310 ɗina ta farko, wajajen 2003, ina ta zuba mata bayani, haka ta faɗa min. Yaran yanzu ba za su gane ba, lokacin da GSM ya shigo Najeriya a 2001 layi kaɗai sai ka ajiye wajen naira dubu 20, kira kuma naira 50 duk minti, ko salamu alaikum kawai ka ce an cire maka kuɗin minti guda, sai da Glo suka zo a 2003 da lissafin sakan sakan sannan talaka ya samu sa'ida. Wayar nan ta yi min shekara shida, ta sha faɗuwa daga kan mashin a hanyar Samaru in tsince ta in haɗa murfin ta kama aiki, amma iyakar abin da Gwaggo ta taɓa cewa a kanta shi ne to wannan kam ta kama hanya.

Shirin namu na koyar da amfani da wayar hannu wahalarsa ɗaya ce, kana koya wa mutum abin da ba ya gani. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, ni kuwa ji kaɗai nake da shi. Dole in ce baba ka duba madannin ƙasa na hagu mai kama da tauraro, na dama kuma mai kama da tsani, kuma wannan tsanin a bakina mutanen Zariya da yawa suka fara ji, duk da yanzu akwai mai bugun ƙirji yana cewa shi ya ƙirƙiro, zan zo kansa. Daga Giwa, Soba, Kudan, har Maƙarfi ake yi mana filashin, wasu su rubuto wasiƙa da ajami su ba direban mota ya kawo. Yadda ake loda kati, yadda ake duba abin da ya rage, me ya sa ba a barin waya a caji lokacin da za a tada janareto, irin waɗannan dai.

Sai 2009. Lokacin ne wayoyin nan marasa suna suka cika unguwar PZ da kasuwar Sabon Gari, masu cin layi biyu har uku, ga eriyar talabijin da ake zarowa, ga sifika kamar ta masallacin Juma'a. Wani Alhaji da ke sarowa daga Kano da Legas ya ɗauki nauyin shirin, ba zan kama sunansa ba, haka gidan rediyon ma. Oga ya kira ni ofis ya miƙo min waya ɗaya a kwali da takardar abin da zan karanta. Kwana uku kacal na riƙe ta. Ranar Asabar na buɗe baki na ce jama'a na gwada, batirinta kwana uku yake yi, ku je ku saya. Da bakina na faɗa, babu wanda ya sa min wuƙa a wuya.

Ba a yi wata ba maigadi ya ce ana sallama da ni a bakin ƙofa. Wani dattijo ne daga wajen Giwa da hula zanna ta koɗe, ya kunce baƙar leda ya fito da wayar, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin. Buhun masara ya sayar ya saya don ya riƙa jin muryar ɗansa da ke ci rani a Fatakwal. Ya koma shago an ce ba garanti. Bai zage ni ba wallahi da ma zagin ya yi, cewa kawai ya yi Malam, ni ban san waya ba, muryarka na sani, da ita na saya.

Daga baya ne na zauna da masu gyara a PZ suka nuna min cikin abin. Kowace wayar kirki tana da lambarta ta IMEI mai lamba 15, in ka danna *#06# za ta fito, kuma ya kamata ta dace da wadda ke jikin kwali. Muka danna a guda biyar na Alhajin nan, uku lamba ɗaya suka nuna. Abin da aka rubuta a jikin batir daban, ainihin ƙarfinsa daban. Da na yi wannan ɗan binciken na awa ɗaya kafin in hau iska da masarar dattijon nan tana rumbunsa.

Da daddare na shiga ɗakin Gwaggo na ba ta labari. Na zaci karin maganar nan za ta jefo min, ba ta yi ba. Ta daɗe shiru sannan ta ce ɗan nan, nawa aka ba ka? Na faɗa mata. Ta ce to a nan ka sayar da bakin ubanka. Sai da zan fita ina sa takalmi na ji ta tana faɗa ƙasa ƙasa, sai ya shekara arba'in da yatsa. Da aka yi albashi na hau mota har ƙauyensu na kai wa dattijon kuɗinsa, da kyar ya karɓa, ya haɗo ni da dawa a ɗan buhu.

Tun daga nan na kafa doka, shekara arba'in ba za ta yiwu ba amma kwana arba'in za su yiwu, duk wayar da ba ta yi kwana arba'in a aljihuna ba ba na yabonta. Oga ya ce talla ce ke sayen man janareto da biyan albashi, kuma ban ƙaryata shi ba, na ce a sa tallar a gefe da muryar wani, amma kar a ce ni na gwada. Muka yi ta ja har 2011, ranar nan na zo da takarduna na tarar da yaron da ni na koya wa yadda ake zama gaban makirfo yana kan kujerata. Yaron da na sha biya wa kuɗin mota zuwa harabar jami'ar ABU ta Kongo lokacin yana karatu. Shi ne mai tsanin da na ce muku. Har yau in mun haɗu a wajen ɗaurin aure sai dai ya ɗago hannu daga nesa, ko Yaya da yake kirana da ya bari. Na yafe kujerar, gaisuwar ce ban gama haɗiyewa ba.

Na tuna ma a 2016, ina wani gidan rediyon a lokacin, aka zo da maganar MMM ana so in yi bayaninsa a matsayin sabuwar hanyar samun kuɗi ta intanet, har abokan aiki suna min kallon wanda bai waye ba. Watan Disamba abin ya tsaya cak da kuɗin mutane. Gwaggo ta riga ta rasu, na so a ce tana nan in gaya mata wannan karon ban sayar ba. Haka maganar da nake nanatawa tun da BVN, lambar tantancewa ta banki, ya zo a 2014, cewa banki ba ya kiranka ya tambayi lambar sirri ko lambar da aka turo maka ta tes, duk daga tsoron dattijon Giwa ne, fuskarsa nake gani in zan yi magana.

To ranar Laraba wani matashi ya same ni a gida, Baba Baba yake ta ce min cikin ladabi, ya kawo sabuwar waya a kwali da ambulan a ƙarƙashi, yana so in yi masa bidiyon minti biyu na TikTok kafin Juma'a. Na mayar masa da ambulan na riƙe wayar, na ce ya dawo bayan kwana arba'in, ya fita ransa bai so ba. Lambar IMEI ta dace da ta kwali, amma tana ɗaukar zafi in ana caji ana kallo. Yau kwananta huɗu a aljihuna.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan dawo kan yadda na haɗu da Maman yara, ita ma ta wayar shirin ta fara kirana.