Saura zuwa 34

Yau a asibitin da muke sanin makamar aiki aka kawo wata dattijuwa mai cutar daji a maƙogwaro, zuwanta na farko gashi, wato ƙona cutar da hasken radiyeshon daga inji. Kafin mu ɗora mata robar da aka ƙera daidai fuskarta, wadda ake ɗaurewa a jikin gado don kada kai ya motsa, sai ta riƙo hannuna ta ce, "'Yata, duk fita za ku yi ku bar ni?" Na ce, "Eh Mama, dole ne, amma muna kallonki ta kyamara, kuma za ki riƙa jin muryata." Ƙatuwar ƙofar nan ta rufe. Wallahi har injin ya gama zagayawa bakina bai bar lasifika ba.

Tun da na fara digiri na biyu lissafi ya cika mini kai: Girei 70 (Girei shi ne ma'aunin yawan hasken da ake ba jiki) a raba kashi 35, biyu-biyu kullum, kwana biyar a mako, don lafiyayyun ƙwayoyin jiki su riƙa farfaɗowa a tsakani. A takarda abu mai sauƙi. Ita kuwa mako bakwai ne na kwanciya ita kaɗai, fuska a ɗaure. Gobe ma ni nake so in tsaya mata a lasifika.